Tafintan Wayar Baffa

Bayan sallar isha'i aka aiko ƙanina ya kira ni, wai Baffa yana nemana a zaure yanzu-yanzu. Na iske shi zaune a kan buzu, fitilar ƙwai a gefensa, ga wani ɗan kwali a gabansa, maƙwabta uku sun zagaye shi sun yi tsit kamar ana jiran a raɗa wa jariri suna. Ya miƙo mini abin da ke cikin kwalin da hannu biyu. Nokia 3310 ce, sabuwa dal, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Ya ce, "Kai ne ɗan boko. Tun ɗazu take rubutu. Duba ka faɗa mana abin da take cewa."

Wajen ƙarshen 2002 ke nan, na gama sakandare ina zaman jiran sakamakon jarrabawa. Daga wannan daren na zama tafintan wayar Baffa, kafin shekara ta zagayo kuma na zama na rabin lungunmu.

Yaron da ya buɗe ido ya ga waya a hannun kowa da wuya ya gane girman abin da aka ajiye a kan buzun nan. Kafin 2001 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Lambar Kano a lokacin 064 ce, kuma gidan da ke da wayar girke har kwatance ake yi da shi a unguwa. Baffa atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari. In abokin cinikinsa na Legas yana son magana da shi, sai ya buga wani shago da ke gaba da nasa, a turo yaro a guje ya kira shi. A Janairun 2001, zamanin mulkin Obasanjo, hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, zuwa watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Da farko layi kaɗai, ban da kan wayar, yakan kai naira 20,000 har ya wuce, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 5,500. Kira kuwa naira 50 ne minti guda, ko sallama kawai ka yi aka katse, hamsin ɗinka ta tafi. Sai da Glo ya shigo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Dukiya ce Baffa ya sayo, amma dukiyar da ke magana da harshen da mai ita ba ya ji.

Kada wani ya ɗauka Baffa jahili ne. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, ya karanta Ahalari da Ishmawi, ya taɓa Risala. Duk lissafin shagonsa da ajami yake rubuta shi, kuma kafin yaron shago ya gama danna kalkuleta shi ya riga ya faɗi kuɗin turmi arba'in da ragin da aka yi. Boko ne kawai bai shiga ba. Duk da haka, da zarar wayar ta yi ɗan kukan nan na shigowar saƙo, sai in ga fuskarsa ta sauya. Ba ya buɗewa. Yakan kifa ta a aljihun gaba ya yini da ita a kasuwa, sai ya dawo da yamma ya ce a kira ni.

Na daɗe kafin in gane dalili. A rayuwar sa'o'in Baffa, rubutun Turanci bai saba zuwa gida da alheri ba. Albishir da baki yake zuwa, da goro. Wasiƙar dangi da Hausa take zuwa, ko da ajami, a hannun direban da aka sani. Abin da ke zuwa da Turanci shi ne sammacin kotu, da takardar haraji, da notis ɗin mai gidan haya, da takardar yanke wuta, da jan fentin da ake wayar gari a gani a bangon shago. Mutumin da ya shekara hamsin yana ganin haka, ka ba shi wani abu da ke zuba masa Turanci sau uku a rana daga wata hukumar da bai san ofishinta ba, me kake so zuciyarsa ta raya masa? Kowane saƙo ɗan ƙaramin sammaci ne a wurinsa, har sai an karanta an ce ba shi ba ne.

Gargaɗin farko ya zo ne bai fi mako biyu da sayen wayar ba. Na karanta, na fassara kalma bayan kalma yadda aka koya mana a aji, na ce, "Baffa, sun ce saura kwana uku su dakatar da kai."

Ya gyara zama. "Su dakatar da ni? Me na yi musu? Ba na biya su kuɗinsu cif ba?"

Na duba, lallai akwai sauran kuɗi a layin, fiye da naira ɗari shida. Na sake karanta saƙon, kalmomin duk na san su ɗaya bayan ɗaya, amma in haɗa su su ba da ma'ana ya gagara. A lokacin katin waya abu biyu yake ɗauke da shi, kuɗin kira da kuma adadin kwanakin da layi zai yi a buɗe. In kwanakin suka ƙare ba ka kankare sabon kati ka loda ba, sai a hana ka kira, ko da kuɗinka yana ciki. Ni ban san haka ba, Baffa bai sani ba, wanda ya sayar masa bai faɗa ba. Zaure ya ɗauki muhawara. Wani ya ce ƙila don ya buga waya Legas da yawa ne. Wani ya ce ai ya ji an ce gwamnati tana sauraron duk abin da ake faɗa, ƙila wata magana aka yi wadda ba ta yi musu daɗi ba. Baffa ya shiga tuno hirarrakinsa na mako biyu ɗaya bayan ɗaya, yana neman laifinsa a ciki.

Telan da ke da shago a bakin lungu, wanda ɗansa ke aiki a Abuja kuma ya riga mu ganin waya, shi ya raba gardama. Ya ce, "Alhaji, ba laifi ka yi ba. Haya ce. Kamar shagonka na Kwari, ko da kaya maƙil a ciki, in wa'adi ya cika sai ka sabunta."

Baffa ya saki ajiyar zuciya, ya ce, "To ai haka za a ce tun farko." Ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Kai ka faɗi abin da suka rubuta, shi ya faɗi abin da suke nufi."

Akwai kuma muryar matar nan. Inna, mahaifiyar su Baffa, ta so ta gaisa da Goggo da ke aure a Kaduna, wadda mijinta ya yi waya shi ma. Na danna lambar na kara mata a kunne, ta riƙe wayar da gefen mayafinta kamar mai ɗaukar tukunya mai zafi. Sai wata mace ta fara magana da Turanci. Inna ta yi sallama, ta saurara, sannan ta ce, "Sannu 'yar nan. In uwar gidan ta shigo, ki ce mata in ji Innarta daga Kano. Lafiya lau, gaisuwa ce kawai." Yara suka fara ƙunshe dariya, Baffa ya zare musu ido suka nutsu. Na ce mata, "Inna, ba mutum ba ce, naɗaɗɗiyar murya ce kamar ta kaset. Cewa take wayar a kashe take." Ta yi jim, ta ce, "Ko kaset ne ai mutum ce ta yi maganar. Sai dai ba a koya mata amsa sallama ba." Ni a wurina abin da Inna ta yi shi ne daidai. Wanda ya je gidan mutane bai tarar da su ba, ya bar sallahu a wurin wanda ya gani a ƙofa. Da ladabin da ta sani ta tarbi baƙon abu.

Abin da har yau nake jin nauyinsa a ƙirji ya faru ne da azumin 2003. Ƙaramin ɗan Baffa ya ɗauki wayar yana neman wasan macijin nan da ke ciki, ya ɓata hanya ya faɗa wurin lambar sirri. Ta nemi lamba, ya danna abin da ya ga dama, sau uku. Da aka sha ruwa Baffa ya ɗauki wayarsa zai buga Legas, sai ya ga ta ƙi komai, ga wani rubutu tsaye a fuskarta. Aka kira ni.

Rubutun cewa yake an toshe layin, a saka wata lamba mai haruffa uku: PUK. Ban taɓa ganin kalmar ba, ba ta cikin kowane littafin da muka karanta, kuma ba kalma ba ce ma balle a fassara ta. A nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Amma shekara guda ke nan ana kirana ana cewa a ba ɗan boko ya duba, mutane suna tsaye a kaina, Baffa yana jiran kiran kaya da za a ɗoro masa kafin sallah. Sai na ce, "Lambar sirri ce take nema, bari in gwada."

Na saka sifili huɗu, ta ce kuskure. Na saka ɗaya zuwa huɗu, ta ce kuskure. Na lura tana karɓar lambobi har takwas, sai na saka ƙarshen lambar layin. Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne, wani lokaci in na saka sai ta nemi sabuwar lambar sirri, ta ce in maimaita, in ji kamar an dace, sannan ta dawo ta ce kuskure. Wani ya ce a gwada lambar da ke jikin batir, aka gwada. Wani ya ce ta jikin katin da aka loda jiya, aka nemo shi a kwandon shara, aka gwada. Ban ga inda ta ce ana ƙirga mini ba. Ban ga inda ta ce in dakata in nemi kwalin da layin ya zo a ciki ba. Kuskure kawai take cewa, da murya ɗaya, tun daga na farko har na tara. A na goma rubutun ya sauya. Ta ce an ƙi layin.

Na kashe na kunna. Na cire batir na mayar. Na zare layin na goga shi a jikin rigata. Ba abin da ya sauya. Daga baya na san ƙa'idar: lambar sirri sau uku ake kuskurenta layi ya kulle, ita kuma waccan lambar mai takwas sau goma, in aka cika goman layin ya mutu ke nan, ba mai iya tayar da shi, ko kamfanin da ya yi shi.

Baffa ya karɓi wayar ya duba fuskarta kamar zai iya karantawa, ya sa a aljihu, ya tashi ya tafi tarawihi. Bai ce mini uffan ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da asuba, bayan sahur, ya buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gida da na shago, ya fito da duk abin da aka ba shi ranar da ya sayi layin, don ya ce ba ya zuwa ofishin kowa hannu rabbana. A ciki akwai ɗan katin roba da aka ɓalle layin daga jikinsa. Na karɓa na juya bayansa. Ga haruffan nan uku, ga lambobi takwas a gabansu. A ɗakin da ke bayan zauren da muka zauna suke, taku goma bai kai ba tsakaninmu da su.

Muka isa ofishin kamfanin da hantsi, da azumi a bakinmu, muka tarar da layin mutane har bakin titi. Sai bayan azahar muka kai gaban tebur. Wani saurayi ne, Bahaushe, da ƙyar in ya girme ni da shekara biyar. Ya duba katin robar, ya duba Baffa, ya ajiye Turancin da ya fara ya ce, "Alhaji, ka ga wannan lambar? Safayar makulli ce. In yaro ya kulle maka shago makullin ya ɓata, da ita za ka buɗe. Amma ƙwadon yana da doka, in aka zura masa makullin da ba nasa ba sau goma, sai ya narke."

Baffa ya gyaɗa kai. Ya gane nan take, ba sai an maimaita ba. Jimla uku ce. Da an rubuta su a jikin kwalin da Hausa, ko an faɗa masa ranar da ya ƙirga dubbansa ya biya, da ba mu zo wurin ba.

An mayar masa da lambarsa a sabon layi bayan ya biya kuɗi an kuma yi 'yan kwanaki. Abin da ba a iya mayarwa ba shi ne sunaye. Ita 3310 a cikin layi take ajiye lambobin mutane, ba a kanta ba, don haka duk wanda muka shigar a shekara guda ya tafi: dillalai na Legas, masu sari daga Gusau da Azare, direbobin da ke ɗauko kaya, mijin Goggo. Wasu sun sake kira an same su. Wasu sai da aka yi watanni. Wani mai sari da Baffa ke bi bashi mai kauri, daga nan aka rabu.

A hanyarmu ta komawa ya tsaya wurin mai sayar da littattafai ya sayi littafin rubutu mai kauri, mai baƙin bango. A cikin mota ya yi mini maganar da ita kaɗai ya taɓa yi a kan lamarin. Ya ce, "Tafinta amana gare shi. In ka zo inda ba ka sani ba, ka ce a nan iyakata take. Ba wanda zai raina ka." Tun daga ranar, duk lambar da ta shiga wayar sai ta shiga littafin, suna da ajami, lamba da alƙaluman Larabci. Bai kuma sauke ni daga tafinta ba. Da layin ya dawo, saƙo ya shigo ya ce a kira ni, kamar ba abin da ya faru, kuma wannan ya gyara ni fiye da duk wani faɗa.

Shekarun da suka biyo baya Hausa ta yi abin da ta saba yi wa baƙo, ta ba shi tabarma ta sa masa suna. Gidajen rediyo suka ce wayar tafi-da-gidanka, suka ce saƙon kar-ta-kwana. Mutanen titi ba su da wannan lokacin, suka ce salula, tes, kati, caji, sabis. Sabis yana ɗaukewa yana dawowa kamar wutar lantarki, ana hawa katanga a nemo shi. 'Yan lema suka cika bakin titi da tebur da kujera, kana biya ka buga. Aka sami filashin, wanda tsadar minti ta haifa, har ya zama harshe mai zaman kansa: sau ɗaya na iso lafiya, sau biyu kira ni, sau uku a jere kuwa akwai magana. Ƙarami ke yi wa babba filashin, babba ya kira, kuma saurayin da ya yi wa budurwa filashin ya zubar da girmansa. Tes harafi 160 yake ɗauka, babu ƙa babu ɗa babu ɓa a madannan, sai samari suka ɗauko harafin q da ke zaman banza suka ba shi aikin ƙa. Kamfani guda ya sauya suna sau huɗu a idonmu, daga Econet zuwa Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010, tsofaffin lungunmu kuwa suka tsaya a kan sunan da suka fara ji. Duk waɗannan kalmomi ba wanda ya zauna ya koya wa kowa. Abin da mutane ke yi da hannunsu kullum sun sama masa suna. Abin da ya ƙi narkewa shi ne harshen gargaɗi, wanda ke saukowa daga sama, daga inda ba a ganin mai magana.

A tsakiyar 2004 aka yi wani ruɗani da ya nuna mini haka ƙarara. Labari ya bazu a ƙasar nan cewa akwai wasu lambobi da in suka kira ka ka ɗauka, sai jini ya ɓalle maka ka faɗi matacce. Kamfanonin waya suka fito suka ƙaryata, amma wa ya ji? Mutane suka riƙa zuwa mini da waya tana ƙara a tafin hannu, suna cewa in duba ko ita ce. Wata maƙwabciyarmu ta kulle tata a cikin kwalla kwana biyu. Abin da na lura shi ne wannan gargaɗin bai nemi tafinta ba. Da Hausa ya zo, daga bakin wanda ka sani, ya faɗi haɗarin a fili, ya faɗi abin da za ka yi ka tsira. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta cika duk sharuɗɗan da gargaɗin gaskiya ya kasa cikawa.

Har gobe wannan raunin yana nan, kuma ɓarayi sun fi kowa saninsa. Tun da aka fito da lambar BVN ta banki a 2014, sanarwar gaskiya takan zo wa tsoho da Turanci, a dunƙule, cike da gajerun haruffan da ko ɗan boko sai ya tambaya. Shi kuwa ɗan damfara da Hausa yake kira, tatacciya, ya yi sallama, ya ce ranka ya daɗe, ya tambayi iyali, ya yi bayani dalla-dalla cewa za a rufe asusu yau in ba a karanto lambobin jikin kati ba. Na san mutane masu hankali da aka kwashe wa kuɗi ta haka, kuma raina yana ɓaci in na ji ana cewa wauta ce ta ja musu. Sun amince da wanda ya yi musu magana kamar mutane ne. Duk wanda ke da ikon rufe wa mutum layi ko asusu, a ganina bashi ne a kansa ya gaya masa da harshen da yake ji abin da ya faru, ko laifinsa ne ko ba nasa ba, da ƙofar da zai bi ya gyara. Kamfanonin da suka iya tallata mana garaɓasa da Hausa a rediyo safe da yamma ba za su ce fassara gargaɗi ta fi ƙarfinsu ba. An ɗan samu sauƙi, ban musa ba. Muryar matar nan yanzu takan yi Hausa, kuma akwai inda in ka buga za a ce ka danna lamba kaza don Hausa. Amma saƙon da ya fi muhimmanci, wanda ke ɗauke da wa'adi da hukunci, shi ne har yanzu ake kai wa jika ya karanta.

A Afrilun 2022, lokacin da gwamnati ta sa aka hana layuka fiye da miliyan 70 buga waya saboda ba a haɗa su da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa ba, na Baffa yana ciki. Ya tsufa a lokacin, idonsa ya yi rauni, ya bar wa 'ya'yansa shago. Ni kuma aiki ya kai ni wani gari. Kwana biyu ban ji kiransa na bayan asuba ba, sai na buga masa. Ya ɗauka ya ce, "Yauwa, tafinta. Sun sake dakatar da ni. Wannan karon hayar ce ko makullin?"

Na ce, "Baffa, ba ko ɗaya. Shaidar mai shago suke nema. So suke su tabbatar kai ne kai."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Shekara ashirin muna tare sai yau za su tambaye ni sunana." Ya ce a turo yaro ya kai shi inda ake yi.

Allah ya yi masa rasuwa shekarar da ta biyo baya, cikin dare. Na iso Kano da sassafe, aka ce jana'iza ƙarfe goma sha ɗaya, a sanar da mutanensa. Wayarsa ta lokacin jikoki ne suka shigar mata da lambobi, rabinsu ba suna, wasu an rubuta musu Alhaji ɗaya, Alhaji biyu. Sai matarsa ta shiga ɗaki ta fito da littafin nan mai baƙin bango, gefensa duk ya naɗe, an ɗinke bayansa da zare. Aka miƙo mini, don an saba ni ake miƙa wa rubutu.

Na buɗe na tsaya. Na yi makarantar allo, ina iya bin ajami in an yi masa wasali an rubuta shi a tsanake. Na Baffa rubutun ɗan kasuwa ne, mai sauri, ba wasali, suna ɗaya yana iya zama uku. Alƙaluman kawai nake ganewa. Na ɗaga kai na ce, "A nan iyakata take. A nemo wanda ya iya."

Aka tafi bakin lungu aka riƙo hannun tela, wanda shi ma ya daina ɗinki saboda ido. Ya zauna a zauren, a daidai inda buzun Baffa yake, ya sa tabarau, ya kawo littafin dab da fuskarsa. Yana karanto suna da gari, ina danna lamba ina faɗin rasuwa da lokacin jana'iza. Wasu lambobin sun mutu, wasu sun koma hannun baƙi, wasu kuma 'ya'yan masu su ne suka ɗauka suka ce ai Baba ya riga shi. Daga baya muka faro, don nan ne sababbin lambobi suke, muka yi ta dawowa har shafin farko. A can sama, an zagaye wani layi da jan biro. Na fara danna alƙaluman, na ga takwas ne kawai.

Tela ya ɗora yatsa a kan rubutun, ya bi shi a hankali, ya ce, "Wannan ba mutum ba ne. Safayar makulli ce. Wuce na ƙasa."